Ƙahon da Na Binne a Gindin Inabi

Ni Rabi'u, da na tako daga Haɗejiya har Sawakin da ƙafata, na haye teku a jirgin da ko akuya ba za ta yarda ta shiga ba, ni ne na sa inabi ya yi 'ya'ya a Ka'akiyya, unguwarmu a Makka. Kowa cewa yake sai a Ɗa'ifa, wai zafin Makka zai babbake shi. Na ce su zuba ido.

Kurangar inabin guda ɗaya ce tal a bayan ɗakina. Da ruwan alwalarmu nake shayar da ita. Ba na sassabe ta sai wata ya fara raguwa. In ta nuna in matse, in zuba a tulu ya zama halli, ruwan tsamin nan da Larabawa ke sa wa abinci. Halli na ce, ba giya ba, kada wani ya ƙara mini.

Takinta kuwa wani tsohon Bayamane ya koya mini. Bayan aikin Hajji sai in kwaso ƙahonin hadaya a Mina, in ɗura musu kashin saniya, in binne a gindinta. Har yau ban san ko da gaske yake ba, don yana faɗa yana dariya. Ita dai ta yi 'ya'ya.

Wata safiya maƙwabcina Tijjani mai ɗinkin hula ya leƙo ta katanga, ya gan ni ina binnewa. Can bayan an kwana biyu ciwon haƙori ya kama shi. Sai ga shi da umda, wato mai unguwarmu, jama'a na biye.

"Ya Umda, ga wurin! Ƙaho ya binne mini, dubi kumatuna!"

Na ce, "Haba Tijjani, in asiri zan yi maka, haƙori zan nufa? Ai bakin zan ɗinke gaba ɗaya."

Ba wanda ya yi dariya, don a garin nan ba a wasa da zancen sihiri. Umda ya ce in bai gamsu ba a tumɓuke kurangar, ni kuma a miƙa ni gaba. Aka tono ƙaho ɗaya. Abin da ke ciki ya yi baƙi, ya yi laushi.

"Mene ne wannan, ya Hajji?"

"Kashin saniya ne, ya Shaikh."

Ya shinshina. "Kashi yana wari. Wannan ba ya yi."

Tijjani ya yi tsalle. "Kun ji ko! Har warin ya ɗaure!"

Matata Ummulkhairi ta ce daga bayan labule, "Malam, bar su su cire ta mu huta da rabon ruwa."

Umda ya ce mai sihiri ba ya cin abin da ya haɗa, ya miƙo mini ƙahon.

Na dubi kurangata, 'ya'yan sun fara ja. Ni da na tauna takalmina a hamadar Sudan? Na lakato da yatsa, ba kaɗan ba. Na rasa ko a yi bisimilla ko kada a yi, na dai kai baki na haɗiye. Na ce, "A ƙaro?"

Umda ya toshe baki da gefen rawani ya juya. "Halas, shi ke nan! Wannan ba boka ba ne, mahaukaci ne. Ku bar masa itacensa."

Ummulkhairi ta ware mini kwano har azumi ya kama. Amma shekarar nan tuluna ya cika har wuya, umda da kansa ya aiko a sayo masa halli. Ya dai ce matata ta zuba, kada in sa hannu.