Inda Dommo Ta Ajiye Su

"Na ce ba za ta shiga ba. Ko kunnenki ya toshe ne, Gambi?"

"Kunnena ƙalau, Zali. Ƙofar ce ba taki ba."

Zali ta tsaya a bakin ɗakin Dommo ta ware hannuwa kamar mai korar awaki daga shanya. A waje ga Hamsatu, matar ɗan Zali, riƙe da kwanon kunu, ta rame har zane yana neman zamewa. Ni ina ciki ina yi wa Dommo fifita. Allah ya sani, tunda nake ban taɓa jin faɗa na tashi na bar wurin ba.

Abin da ya kawo rigimar duk unguwarmu a garin Say an sani. Cikin Hamsatu ya zube bayan ƙaramar salla, na biyu ke nan, ya yi girma har an gane namiji ne. Jini ya kusa tafiya da ita, a amalanken jaki aka kai ta asibiti. Malamar asibiti ta ce zazzaɓin sauro ne ya ci jikinta, ga wuni sunkuye a fadamar shinkafa. Zali ta ce ƙarya ne, wanki ta je bakin kogi da almuru mutanen ruwa suka gan ta. Wasu suka ce baki ne. Ni dai na kai kowace magana gidan da ba a ji ta ba, wani wurin har da ɗan gishiri.

Dommo ce ta ɗauke abin da ya faɗo, kamar yadda ta saba yi wa matan unguwa. Ta naɗe a farin ƙyalle ta fita da shi. A wurinmu ba a gaya wa uwa inda aka sa. Ba suna, ba zaman makoki, ba kuka. Wai in ta san wurin zuciyarta za ta tare a can, mahaifa ta ƙi karɓar wani. Sai a ce mata Allah ya kawo rayayye, a miƙo mata tsintsiya.

Hamsatu ta karɓi tsintsiya, amma ta daina ci, ta daina kitso. Sai ka gan ta tsaye tana kallon ƙasa a wani lungu. Ga Dommo yanzu kwance, ƙafafu sun kumbura, numfashi kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. In ta tafi, ta tafi da wurin.

"Zali," in ji Dommo, muryar can ƙasa. "Matsa, kin tare mini iska."

Babu mai musu da wadda ta yanke cibiyar duk 'ya'yanta. Zali ta matsa. Hamsatu ta shigo ta durƙusa.

"Nya Dommo, uwarmu, ba tonewa zan yi ba. So nake in san inda zan juya fuskata."

Dommo ta juyo gare ni.

"Gambi, matso da wannan kunnen naki."

"Ni? Ke kin san bakina tulu ne marar murfi."

"Shi ya sa. Ni na riƙe har na gaji. Ke ko kwana ba za ki kai ba."

Na so in ji haushi, amma na matso.

"Nawa huɗu ne," ta ce. "Tsofaffin da suka ɗauke su sun mutu ba su faɗa mini ba. Ban sani ba ko a kansu na yi ta daka. Kuma ban tambaya ba, ban yi kuka ba, rayayyen bai zo ba."

Ta huta. Sai ta nuna waje da haɓa, wajen lallen da ke jere jikin dangarta, wanda duk amaryar unguwar nan da shi aka yi mata ƙunshi. Ashe duk wanda ta binne sai ta dasa ɗaya a kansa. Ta shiga faɗa ina haɗiyewa: na kusa da randa na Bibata ne, biyun da suka haɗa kai na matar Munkaila mai kifi.

"Ƙaramin da bai kai gwiwa ba naki ne, Hamsatu. Yana son ruwa. Na bara yana gefensa." Ta ɗaga ido. "Babban can na ƙarshe kuwa..."

"Kar ki kuskura," in ji Zali.

Dommo ta bar zancen a nan. Ni ma, abin mamaki.

Hamsatu ta kifa kai a gefen gadon ta yi kuka, irin na mai ciwon da aka matse. Ba wanda ya ce ta bari. Da ta gama, Dommo ta tura mata kunun da ta kawo, Hamsatu ta shanye tas.

Washegari bayan la'asar Dommo ta cika. Ina riƙe da hannunta, yatsun duk jan lalle ya ci su.

Aiken da ta ba ni kuwa, kafin a watse zaman makoki na isar. Mata suka riƙa shigowa ɗaya ɗaya da buta, wai ganye suka zo tsinka. Wata ta tsaya jim, wata ta zauna. Hamsatu ta zo da sabon kitso da bokitin ruwa a ka.

Ranar da muke kwashe tukwanen marigayiya Zali ta same ni a ɗakin ni kaɗai.

"Kin ji daɗi? Kin bi gida gida kina fama wa mata tsohon ciwo."

"Aiko ni aka yi. Surukarki dai jiya ta cinye kwanon shinkafa har da neman ƙari."

"Ni ban taɓa tambaya ba. Ga ni na haifi shida."

"Na ce kin tambaya?"

"Tsohuwar banza."

"Tare muka tsufa."

Ta fita ta buga ƙofar kwanon har ƙasa ta zubo daga jikin bango. Ƙofar ta dawo ta ɗan buɗe. Ta nan na hango ta. Ba ta nufi zaure ba. Tana can ƙarshen danga ta ba ni baya, tana cire wa babban lallen busassun ganye.