Ƙwallon da Ba ta Dogo Ba

Shekara huɗu ke nan da idon Mati ya rufe, kuma tun daga lokacin da idon ƙanensa Kalilu yake gani. Ran Lahadi in sun shiga kara a kasuwar Mai'adua, Mati ya shafa bayan bijimi ya taɓa tozo, Kalilu ya faɗa masa launi da lafiyar ido, sai a yi ciniki. Mati bai taɓa juyawa ya tambayi wani ba. Wannan shi ne abin da Kalilu ya fi alfahari da shi a duniya, har ya fi babur ɗinsa, wanda kullum sai ya wanke.

Da aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasashe, aikin ya koma gidan kallon Lawal a Kongolam. Mati ya zauna a bencin gaba kamar mai gani, Kalilu a kunnensa na dama yana cewa wane ya ba wane. Mutanen gidan kallon ba sa wahalar da harshensu da sunayen 'yan wasa. Biyun da ke tseren takalmin zinare, kyautar wanda ya fi cin ƙwallaye, an laƙaba musu Dogo da Bahago. Mati na Dogo ne, don an ce masa ba ya faɗuwar ƙarya. Duk wanda ya ci, sai Mati ya jefa ƙwallon dabino a aljihu: na dama Dogo, na hagu Bahago.

A wasan kusa da na ƙarshe aka yi abin. Dogo ya buga, ƙwallo ta daki ƙafar mai tsaron baya ta shige raga. Ɗaki ya ɗauka, “Dogo! Dogo!” Mati ya miƙe tsaye yana dariya har hularsa ta faɗi, irin dariyar da Kalilu ya daɗe bai ji ba. Sai ga rubutu a ƙasan talabijin: an ba mai tsaron bayan, cin gida ne.

Kalilu ya karanta. Ya dubi yayansa yana lalubar aljihun dama. Tausayi ya kama shi, ya ɗora yatsa a baki ya waiwayi jama'a, kowa ya yi gum.

“Shida ke nan ko?” in ji Mati.

“Shida, Yaya.”

Biyar ne. Amma Bahago huɗu gare shi, Kalilu ya ce a ransa ko da biyar ɗin ma Dogo ne a gaba, wa aka cuta? An fitar da ƙasar Dogo a ranar, ta Bahago ta kai wasan ƙarshe. Kwana huɗu Mati yana yawo da lissafinsa, yana faɗa wa mai shayi, yana faɗa wa 'yan acaɓa a bakin iyaka. Waɗanda suka sani su kau da kai. Kalilu kuwa tuwon ma bai yi masa daɗi ba.

Ranar wasan ƙarshe, bayan La'asar, benci ya cika har da direbobin da suka tsallako daga Nijar. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Bahago ya ci ɗaya. Mati ya jefa dabino a hagu, ko a jikinsa. Saura minti goma a tashi Bahago ya ƙara. Magoya bayansa suka manta da wani yatsa a baki, suka hau kan benci.

“Ya wuce Dogo! Takalmi ya zo gida!”

Mati ya sa hannu biyu a aljihu ya ƙirga a hankali.

“Wucewa kamar yaya? Shida da shida ne. Kalilu, faɗa musu.”

Akwai amsa a bakin Kalilu, shiryayya: ya ce in an yi kunnen doki ana duba wanda ya fi taimakawa aka ci, a nan Bahago ya fi. Da Mati ya yarda, don bai taɓa ƙin yarda ba. Abin da ya hana maganar fita ke nan.

“Yaya, biyar ne. Ta rannan cin gida ce. Na ga ka yi murna, na kasa faɗa maka.”

“Kai kaɗai ka sani?”

“Kowa ya sani.”

Mati bai yi faɗa ba, kuma Kalilu ya so a ce ya yi. Ya zaro ƙwallon dabino ɗaya daga aljihun dama ya ajiye a kan benci tsakaninsu, ya gyara zaman hularsa.

Aka tashi wasa, aka fara rabon kyaututtuka. Kalilu ya matso kunnensa kamar kullum, ya buɗe baki zai ce ga shi an kira Bahago. Mati ya juya kansa wajen ƙofa, inda mai gidan kallon yake tsaye.

“Lawal,” ya ce, “zo nan ka faɗa mini abin da ake yi.”