Minti Ukun Mai Gyaran Agogo

Auta ta kaɗa ƙararrawa daidai lokacin da mutumin yake cewa "abu na biyu kuma", alhali na farkon ma bai kai ƙarshensa ba. Ya juyo ya galla mata harara. Ta yi kamar ba da ita yake ba, ta danna kan agogon, allurar ta koma sifili.

Sau ɗaya a shekara, kafin a rufe kasafin kuɗi, kwamitin majalisar jiha yakan zo zauren ƙaramar hukuma ya saurari jama'a. Kowa minti uku gare shi, kuma ba a kiran na gaba sai ƙararrawa ta kaɗa. Shekara shida ke nan Auta tana zama a ƙarshen teburin manya da ƙararrawa a dama, agogon awon lokaci a hagu. Ta taɓa katse kansila yana tsakiyar yabon kansa. Ta taɓa katse wani attajiri da ya zo da motoci uku. Tun daga nan aka laƙaba mata Malama Minti Uku, kuma ko kaɗan sunan bai dame ta ba.

Yau kam abin daban ne. Wanda ta katse shi ne na goma sha ɗaya, na goma sha huɗu a jerin kuwa mahaifinta ne.

Yana can a layi na biyu cikin farar rigarsa, sandarsa tsakanin gwiwoyi, takarda a ninke a hannun hagu. Duk unguwar Baba Mai Agogo ake ce masa. Shekara arba'in ya yi a wani ɗan shago a tsallaken babban titi, da tabarau mai ido ɗaya, yana tona cikin agogunan mutane. Shi ya gyara agogon bangon zauren nan, shi ya gyara wanda ke hannun Auta. Yakan ce agogon da ya fito daga hannunsa, in ya yi ƙarya, a zo a karɓe kayan aikinsa. Ba a taɓa zuwa ba.

Titin nan ne maganarsa. Da can layi biyu ne, aka faɗaɗa shi ya koma shida, aka manta cewa mutane ma suna tsallakawa. Shekara uku da suka wuce, Inna, mahaifiyar Auta, ta ɗauko kwanon abincinsa da rana kamar kullum, ta wuce layi huɗu lafiya, na biyar ne bai bar ta ba. Wata shida bayan haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba. Ya tashi, amma harshensa ya yi nauyi, kowace kalma sai ya jawo ta kamar guga daga rijiya mai zurfi. Abin da yake nema bai fi ɗaya ba, a yi gadar sama ta masu tafiya da ƙafa.

Mako biyu ya yi yana gwaji a tsakar gida. Ranar farko minti biyar ya ci. Auta ta ce, "Baba, ka bari in nemi wani ya karanta maka mana."

"Wa ya san Innarki kamar ni?"

"To in roƙi a canja ni ranar. Wata ta zauna a teburin."

"Don me? Hannunki ciwo yake?"

Sai ya hau yankan takardar. Ya cire gaisuwar manya, wadda ita kaɗai minti guda take ci. Ya cire tarihin unguwa. Ya cire godiya. A safiyar yau ya sauko zuwa minti uku da sakan goma sha biyar, ya ce sauran Allah zai kawo sauƙi. Maganar Inna ita ce a ƙarshe, ya ƙi matso da ita gaba. Ya ce in ya fara da ita, ba zai iya faɗin sauran ba.

Na goma sha biyu wata mai sayar da kayan miya ce, ta nemi a kwashe bolar bakin kasuwa, ta gama da saura. Na goma sha uku shi ne Sarkin Tafi, mutumin da kowace jam'iyya ke haya ya kawo mata masu tafi, kuma bai taɓa ɓata da wadda ta ci zaɓe ba. Ya zo neman a kafa babbar ƙofa a shiga unguwa, a rubuta sunan shugaban kwamiti a kanta. Ya kwashe minti biyu da rabi yana kirari, bai kai ga ƙofar ba ƙararrawa ta kaɗa.

"Haba Malama, yanzu fa na fara."

"Lokacinka ya cika."

"To za mu gani," in ji shi. Ya koma ya zauna, ya zaro wayarsa ya ɗora a cinya.

Magatakardan ƙaramar hukuma ya kira lamba goma sha huɗu. Baba ya miƙe a hankali, ya ja ƙafar dama har gaban lasifika. Bai dubi Auta ba. Ya jingine sanda, ya buɗe takarda, ya yi sallama. Ta danna agogon.

Da farko abin ya tafi daidai. Ya faɗi faɗin titin. Ya faɗi cewa makarantar firamare da asibitin unguwa suna ɓangaren shagonsa, gidaje kuwa suna ɗaya ɓangaren. Ya ce daga shagonsa ya ƙirga, babu tazarar da ta kai sakan tara tsakanin mota da mota, tsoho kuwa sakan ashirin yake bukata. Shugaban kwamiti, wanda tun safe yake latsa waya a ƙarƙashin tebur, ya ɗago kai.

Sai kalmar "tsallakawa" ta maƙale. Leɓensa na rawa, kalmar ta ƙi fitowa. Auta ta dubi allurar tana tafiyarta ba ruwanta, minti ɗaya da rabi, ta dubi jijiyar wuyan mahaifinta. Tausayi ya cika ta. Babban yatsanta ya sauka a kan maɓallin, allurar ta tsaya cak. Ba ta sake ta ba sai da kalmar ta fito. Can gaba takardar ta suɓuce masa, wani ya ɗauko ya miƙa, nan ma yatsan ya sauka. A shekara shida ba ta taɓa yi wa kowa haka ba, kuma ta yi mamakin yadda abin ya zo mata da sauƙi.

Abu ɗaya ta manta. Mutumin da ya shekara arba'in a cikin ƙarar agogo ba ya bukatar kallon allura. Tun da ya fara, ɗan yatsansa na hagu yake buga gefen takardar, ɗaya bayan ɗaya.

"A layi na biyar ne," in ji Baba. "Ranar wata Talata, da rana tsaka. A nan ne matata ta..."

Yatsan ya tsaya. Ya ninke takardar gida biyu, ya kai hannu ga sandarsa.

"Ci gaba, Baba," in ji shugaba. "Ai ba a kaɗa ba."

"Lokacina ya cika, ranka ya daɗe."

Shugaba ya dubi ƙarshen tebur. Auta ta dubi agogon. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. "Saura sakan arba'in."

Sai a lokacin Baba ya dube ta. Babu faɗa a kallon. Irin kallon da yake yi mata ne tana ƙarama, in ta ce ta yi wanka alhali bayan kunnenta a bushe. Bai ƙara kalma ba, bai kuma koma ya zauna ba, don ba a kaɗa ba. Ita kuma ba ta da ikon kaɗawa sai allura ta kai. Haka zauren ya tsaya.

Sakan arba'in ba komai ba ne, sai ka zauna ka saurare shi. Rabin mutanen zauren sun san Inna, wasu da su aka ɗauke ta daga kan kwalta. Babu wanda ya yi tari. Fankar sama tana juyawa da ɗan kukanta, ta tagogi kuma ƙarar titin ta shigo, wadda tun safe tana nan ba wanda ya kula. Manyan motoci suna wucewa, ana ta matsa oda, wani ya taka birki da ƙarfi har mai kayan miya ta dafe ƙirji. Shugaba ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya kife ta. Allura ta kai, Auta ta kaɗa ƙararrawa, a hankali fiye da kullum.

Aka ci gaba da zama har bayan azahar. Da aka karanto jerin abubuwan da kwamiti zai tafi da su, gadar ta fito ta uku cikin goma sha ɗaya, da alkawarin za a duba. Wanda ya san gwamnati ya san "za a duba" riga ce mai faɗi, kowa tana shigarsa. Amma bara ko jerin ba ta shiga ba.

Auta tana haɗa takardu aka ce Magatakarda na kiranta. Ta same shi a ofishinsa, Sarkin Tafi na tsaye a kansa yana kaɗa waya.

"Ga shi nan, minti uku da sakan arba'in. Ni aka katse ni kamar ɗan yaro, uban wata kuma aka ƙara masa. Dama an ce kowa ya samu rana sai ya yi shanya. A rubuta, yallaɓai. In ba a rubuta ba, gobe a rediyo za a ji."

Magatakarda mutum ne mai sanyi, saura shekara ɗaya ya yi ritaya, ba ya son abin da zai kai shi rediyo. Ya cire tabarau ya murza ido. "Malama, kin san ƙa'ida. In haka ta faru, sai in ba ki takardar tuhuma, in ɗauke ki daga teburin. Me za ki ce?"

Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya. Ta riga ta shirya, har ta ji wani irin sauƙi. Sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a bakin ƙofa.

"A gafarce ni," in ji Baba. "Ba ni agogon nan, Auta."

Ta miƙa masa. Ya kara shi a kunne, ya lumshe ido, ya daɗe. Sannan ya ce, kalma bayan kalma, "Yana jinkiri. Yakan tsaya, ya ci gaba. Ni na gyara shi watan jiya. Laifin mai gyara ne."

"Baba," in ji Auta.

"Ana magana da manya."

Magatakarda ya dubi agogon da ke ɗaure a hannunsa. Shekara ashirin Baba ke duba masa shi, bai taɓa sa shi makara ko da minti ɗaya ba. Ya dubi tsohon, ya dubi 'yar. Ya jawo takarda ya rubuta cewa na'urar awon lokaci ta samu matsala, an mayar wa mai gyara.

Sarkin Tafi ya yi dariya, ya mayar da waya aljihu. "Ashe hannu ya tsufa, Baba. Ai sai a huta haka nan. Bari in gaya wa mutane su daina kai maka, kada a riƙa sa su makara." Ya fita yana ƙyalƙyatawa, kuma kowa ya san kafin magariba labarin ya zaga kasuwa.

Suka taka har bakin titin da za su tsallaka su koma gida. Rana ta yi sanyi, motoci sun ƙaru, iskar kowace babbar mota sai ta kaɗa rigar Baba. Daga nan ana hango shagonsa a rufe, da allon da Inna ta sa aka sake wa fenti shekarar da ta rasu.

"Baba, me ya sa? Ni na yi. Da ka bar ni na faɗa."

"Na sani. Sau biyu. Sakan ashirin da biyar, da sha biyar."

Ta yi dariya, hawaye na zubo mata. "To me ya sa ba ka ƙarasa ba? Don kai na yi."

"Lokacin ba nawa ba ne." Ya jawo sauran maganar da ƙyar. "Kuma sun ji. Ba ki ga sun ji ba?"

"Yanzu fa za a ce agogonka na ƙarya."

"Su ce. Ni na gama aikina. Ke kina da sauran shekaru a teburin nan." Ya dube ta ta gefen ido. "Kada ki sake."

"Ba zan sake ba."

Ya ciro agogon daga aljihu, ya sake kara shi a kunne, ko da yake a cikin wannan hayaniyar ba ta ga yadda zai ji komai ba. Ya goge gilashin da babban yatsa, a hankali, yadda ake shafa kan yaron da aka daka bisa kuskure.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Shekara arba'in ban taɓa yi wa agogo ƙazafi ba." Ya kawo shi kusa da baki. "Ka yafe mini."

Ya mayar da shi aljihu, ya miƙa mata sandar, ya kama hannunta da hannunsa mai lafiya. Idonsa na kan motocin, ɗan yatsansa ya fara bugawa a bayan hannunta, ɗaya bayan ɗaya.

"Riƙe ni sosai," ya ce. "In na ce yanzu, mu tafi."