Ana Neman Mai Bigila

Labaran tela ya cire allura daga bakinsa zai sa baki a gardamar, sai Gwadabe mai gyaran rediyo ya riga shi.

"Ni dai na faɗa muku, 'Yan Kuza ba za su ga Legas ba. Gwamnati ta tara baƙin duniya, sannan ta kai musu masu kiɗan otal? 'Yan kalangu za a ɗauka, da masu rawar gargajiya."

"Kai Gwadabe, bakinka ba shi da birki," in ji Cletus mai kayan keke. "Wanda ya ji busa na Mai Agogo, ko gurgu ne sai ya tashi. Su ne za su tafi."

Sati uku ke nan ana wannan a bencin ƙofar shagon Labaran da ke layin Ali Kazaure a Jos. Tun da aka ce kowace jiha za ta tura makaɗanta bikin Festak, taron al'adun baƙar fata na duniya da za a yi a Legas, kowa a layin ya zama ɗan kwamiti. Gwadabe kullum da sabon jerin sunaye, wai a rediyo ya ji, alhali rediyoyin shagonsa rabinsu ba sa magana. Wanda ake gardamar a kansa kuwa, Mai Agogo, mai busa wa ƙungiyar makaɗa ta 'Yan Kuza bigila a otal ranar Asabar, bai taɓa cewa uffan ba. Sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da tonon agogo a ɗan teburinsa da ke raɓe da shagon. A wannan hantsin ma ya shige ɗakin yadi na bayan labule yana cin abincin da matarsa ta ƙullo masa.

Ana cikin haka Landiroba ta soja ta shigo layin a hankali, ta tsaya daidai bencin.

Gardama ta mutu nan take. Shekara ba ta cika ba da irin motocin nan suka yi ta zagaya Jos bayan an yi yunƙurin juyin mulki, ana cewa mutum oga na son ganinsa, a kai shi Legas, shi ke nan. Wani kofur dogo ya sauko da takarda a hannu. An rubuta Badung a ƙirjin rigarsa.

"Sannunku. Ina neman Benedict Ejiofor Nnadozie."

Labaran ya san Mai Agogo ake nufi. Duk layin nan Mai Agogo ake ce masa, 'yan kaɗan ne ma suka san Ejiofor. Suna uku a jere haka, sai a takardar hukuma. Kuma Labaran ya san abin da kusan ba wanda ya sani: lokacin yaƙin basasa, Ejiofor ya busa wa sojojin wancan ɓangaren bigila har shekara biyu. Shi da kansa ya faɗa masa, ranar da ya dawo Jos a rame, ya roƙe shi kada maganar ta wuce su biyu.

"Ranka ya daɗe, ba mu san shi ba," in ji Labaran. Muryar ta fito siririya, kamar ba tasa ba.

"An ce nan ne shagon shi. Mai busa bigila. Oga ya ce a kawo shi yau, za su tafi da shi Legas."

Legas! Labaran ya dafa keken ɗinki.

"Nan shagon tela ne, ranka ya daɗe."

Kofur ya dubi teburin agogo. "Wannan fa?"

"Nawa ne. Ina ɗan taɓawa."

"Ka rantse ba ka san shi ba?"

Labaran mutum ne da ko a kan farashin yadi ba ya rantsuwa. Amma ya ce, "Wallahi ban san shi ba."

Kofur ya juya ga sauran. Gwadabe, mai labarin kowa, ya ce shi baƙo ne a unguwar. Cletus ya ce bai jin Hausa sosai, da Hausa kuwa ya faɗa. Kofur ya yi tsaki, ya bar motar a nan, ya bi layin da ƙafa yana tambaya gida gida. Labaran bai damu da abin da za a ce masa ba. Mutanen layin nan sun taɓa yin wannan aikin shekara goma da suka wuce, lokacin da ake bin 'yan kudu gida gida, kuma ba wanda ya manta yadda ake yi.

Ya ɗaga labule ya shiga. Ejiofor na tsugune a bayan bandir-bandir na yadi, kwanon abinci a kife, miya ta zube a ƙasa. A wannan lungun dai Labaran ya ɓoye shi kwana huɗu a wancan karon, yana saurayi. Yanzu ga furfura ta fara fito masa, amma tsugunon bai canja ba.

"Baba, sun gano," ya ce da raɗa. "Wani ya faɗa musu."

"Yi shiru. Ba wanda zai fitar da kai daga nan."

"Matata Bernadette tana da ciki, Baba. In sun tafi da ni, ka sa ta a mota ta koma gida."

"Na ce ka yi shiru!"

Ɗakin ba ƙofar baya, ba taga sai wata 'yar kafa da ko kyanwa sai ta matse. Labaran ya ja yadi biyu ya rufe shi, ya fito ya zauna a kan keke. Ya taka, zare ya tsinke. Ya yi ƙoƙarin zura wani, ramin allurar ya ƙi ganuwa. Tsoro yake ji irin wanda ya ɗauka ya rabu da shi tuntuni.

Bayan kamar rabin awa kofur ya dawo yana share gumi, ya zube a kan bencin tsakanin Gwadabe da Cletus. Su biyun suka sandare.

"Wane irin unguwa ne wannan? Gida goma sha biyu, ba mutum ɗaya da ya san shi! Baba, taimake ni da ruwa."

Randa tana bayan labule. Labaran ya shiga ta gefe, ya ɗebo a moɗa, ya fito yana jan labulen da kyau a bayansa. Kofur ya shanye, ya miƙe ƙafafu, sai bakinsa ya buɗe.

"Ni direba ne kawai, an ba kwamiti aro na. Mutumin nan sa'a ta neme shi, shi kuma ya ɓace. Makaɗa da jiha za ta tura Festak, mai bigila nasu ya kwanta asibiti. Wani oga ya ce ya taɓa jin wannan Benedict a otal na Titin Bauchi, ya ce duk Filato ba kamar shi. Ƙarfe biyu za a rufe suna. Jibi jirgin ƙasa, Legas, gaban duniya duka."

Cletus ya sunkuyar da kai.

Labaran ya tsaya da moɗa a hannu. Idan gaskiya ne, abin da Ejiofor ya yi shekaru yana busa dominsa ne ya zo har ƙofa. Idan kuma dabara ce fa? Ai waɗanda aka ɗauka bara ma da magana mai daɗi aka ɗauke su. Kuma ya riga ya rantse. Ya ce wa soja yanzu ƙarya ya yi masa, shi da dukan layin? Ya kasa yanke wa wani mutum wannan hukuncin. Labulen atamfa ne mara kauri, ya san Ejiofor ya ji komai. Sai ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata.

"To, ranka ya daɗe, da mutumin zai ji wannan labari, ai da kansa zai fito."

Ya saci kallon labulen. Taku uku ne daga can zuwa bencin. Ya jira. Kofur ya duba agogonsa, ya ƙara jira shi ma ba tare da ya san me yake jira ba. Labulen bai motsa ba.

"Shi ke nan," in ji kofur yana miƙewa. "Akwai wani Pam a Bukur, an ce shi ma yana busawa. Bari in kama hanya."

Ya zaro biro, ya ɗora takardar a kan teburin agogo, ya ja layi a kan sunan. Motar ta tashi, ta yi kwana, ta fice.

Gwadabe ya tuna yana da aiki, Cletus ma haka. Labaran ya shiga ɗakin ya yaye yadin. Ejiofor na nan yadda ya bar shi, hawaye ya jiƙe masa gaban riga.

"Ka ji abin da ya ce?"

"Na ji, Baba."

"Gaskiya ya faɗa, ina jin. Ni na cuce ka. Tashi, in muka samu tasi za mu riga shi zuwa ofishin, ƙarfe biyu bai yi ba."

Ejiofor ya girgiza kai.

"Tun yana magana na san gaskiya ne. Na ce wa kaina, tashi, tashi mana, amma na kasa." Ya dubi ƙafafunsa. "Ko yanzu ya dawo, Baba, ka ce ba ka san ni ba."