Shafin da Ya Rage

"Bar shayin nan, 'yar nan," in ji matar Malam daga ƙofar shago, mayafinta a karkace. "Tun safe ba abin da yake kira sai shafi na ɗari da sha biyu."

Mai buga takardu ba ta ɗago ba. Wata bakwai ke nan tana shirya littafin lissafin maƙwabcinta, tsohon malamin sakandare, kuma ya rantse ba za a kai shi maɗaba'a ba sai ya sa hannu a kowane shafi. Ɗaya ya rage, inda ake rubuta lamba da tsawonta da kusurwarta. Sau uku yana mayar mata da shi, wai sai alamar kusurwar ta miƙe ta bi ƙarƙashin lambar, yadda yake zana ta a allo.

Firinta ta ja takardar, ta tsaya, ta sake ja.

Ta kai wa Malam shafin. Ɗakinsa na warin man zafi. An jingina shi da filo biyu, numfashi na fita da ƙyar. Ya kai takardar dab da hancinsa.

"Yauwa. Ta miƙe." Yatsansa ya gangara, ya tsaya. "Wannan talatin, ina alamar ɗebewarta?"

"Baba, haka ka rubuta da hannunka."

"To ni ne jakin. Kusurwar nan ƙasa ta nufa. Yara za su haddace shi a haka."

"Sa hannu kawai. Wallahi zan gyara."

"Ba na sa hannu a kan kuskure."

"Mutumin nan, har yanzu?" in ji matarsa.

"Ke dai riƙe min biron."

Mai buga takardu ta ruga shago, gida biyu ne tsakani. Ta bar takalmi ɗaya a hanya. Ɗan layi ɗaya ta ƙara, guntu kamar ƙwayar shinkafa, sannan ta tsaya kan firinta tana cewa, "Yi mana. Don Allah yi mana."

Ta dawo da shafin, tana bakin ƙofar gidan ta ji salatin matar, ba da ƙarfi ba.

Ta shiga. An riga an zare filon. A kan tebur ga sauran shafukan a jere, kowanne da sa hannunsa a gefe. Ta ɗora nata a sama, da sauran ɗuminsa, ta daidaita bakinsu da tafin hannu. Matar na zaune a bakin gado, biron a hannunta, a buɗe.