Opanin Kwarteng Ya Leƙa Maƙwabta

Afrakoma na gama gyara kunnen marigayin a kwamfuta ke nan, sai matarsa Maame Dufie ta jawo kujera kusa. Tun safe ake fama da hoton nan. Shi kaɗai Opanin Kwarteng ya bari a duniya, gara ta ci rabinsa, sauran kuma ya rududduge lokacin da ake ɓamɓaro shi daga injin kwafa. Ga jana'iza ranar Asabar, kuma a Kumasi, mamacin da ba a kafa hoton fuskarsa a bakin titi ba, gorin har jikoki.

Kamar bai isa ba, jiya mai shagon buga hotunan da take aiki, Bra Fosu, sarkin karambani, ya sauya wa kwamfutar tsari. Komai ya bar mazauninsa, sai ka ce baƙo ya share maka ɗaki. Da lalube Afrakoma ke aiki, ko adana hoton ba ta yi ba.

"Wayyo, Kwarteng nawa," in ji tsohuwar. Ta kai yatsu ta shafi kumatunsa a jikin gilashin kwamfutar.

Hoton ya zame gefe, ya ɓace. Allo fayau.

Afrakoma ta danna nan, ta danna can, shiru.

"'Yata, ina kika kai min shi?"

"Maame, yi haƙuri, ina zuwa."

Ta kira Bra Fosu a waya. Daga jin muryarsa, sakwara ce cike da bakinsa.

"Bra, sabon tsarin nan naka ya haɗiye mijin mutane!"

"Ke dai akwai raki. Ban ce miki ɗaki-ɗaki ne ba? Gilashin yana jin taɓi, kun tura kanku ɗakin gaba ne. Sa yatsu uku ki ja dama."

Ta ja. Sai ga Opanin ya dawo, da zanensa a kafaɗa da sabon kunnensa, ko gezau. Nan take ta adana shi, ta ƙara adanawa, sannan ta kifa kai a tebur tana dariya har da hawaye. Daɗi kamar ya kashe ta.

"Yana nan, Maame. Ɗakin da ke gefe kawai aka shiga."

Tsohuwar ta harari hoton, ta goge ido da bakin zane.

"Halinsa ne," ta ce. "Tun yana raye, in na juya baya sai in tsinto shi a maƙwabta. Buga shi maza, 'yata, kafin ya sake fita."