Guntun Mabiyiya a Kwalba

Ƙanwata Hamdiyya ta haihu da hantsi a gidan mijinta a garin Ƙofa. Na auna jaririn, kilo biyu bai cika ba. Na uku ke nan da ya zo haka.

Surukarta, Baba Asabe, ta buɗe zanen ta taɓe baki.

"Wani ɗan tsakon kuma? A zuriyarmu ba a haifar irin wannan. Cikinta ne ba ya rainon ɗa. Ta tafi gidansu wanka, ta yi zamanta can."

Shekara shida na yi a Indiya ina karatu a kan mabiyiya. Na ce, "Baba, mabiyiya ce ke ciyar da ɗa a ciki. Wasu ƙwayoyin gadon da ke sa ta girma, na uba ne kawai ke aiki, na uwa a rufe suke. Ba lallai daga Hamdiyya ba ne."

"Au, ɗana ne ragon ke nan? Abin da aka tura ki koyo ke nan?"

Ungozoma ta wanke mabiyiyar ta sa a kasko, ta fita gaya wa Ghali, mijin, ya haƙa rami a bayan ɗaki. Na yanki guntu kamar kan yatsa na jefa a kwalba. Niyyata in kai Kano a gwada, in kawo musu takarda.

Da ungozoma ta dawo ta juya mabiyiyar, sai ta tsaya.

"An yanki abin nan."

Duk suka dube ni. Daga bakin ƙofa Ghali ya ce, "Yaya Muhsina, kin san masu ɗibar mabiyiya a garin nan, kin san abin da suke yi da ita."

"Gwaji zan yi."

"Boka ma haka yake cewa."

Baba Asabe ta ce, "Ashe daga gidansu ake tsotse mini jikoki."

Hamdiyya ta miƙo hannu daga kan gado.

"Ba ni, Yaya."

"Ita kaɗai ce hujjarki."

"Takardarki ce za ta zauna mini a gidan nan? Ba ni."

Na ba ta. Ta miƙa wa surukarta da hannu biyu.

"Baba, a haɗa a binne. Ban san ta ɗauka ba. Kada ta sake shigo mini ɗaki."

Baba Asabe ta daɗe tana kallon kwalbar, sannan ta juya wajen ungozoma.

"A ɗora mata ruwa. A nan za ta yi wankan."